Abin da tsofaffin 'yan rediyo suka gaya wa wata ɗaliba

Wata ɗaliba mai karatun aikin jarida a Kano ta tambayi tsofaffin ma'aikatan rediyo yadda za ta ci moriyar watannin sanin makamar aiki na SIWES, shirin da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta ɓullo da shi a 1973. Bakinsu ya zo ɗaya: ta rage ɗokin makirufo. Sabon shiga, ɗakin labarai ake tura shi, ya fassara labarin Turanci, ya bi wakili kasuwa ɗauko muryoyin jama'a, ya koyi tace murya a kwamfuta. Fassarar aka fi nanatawa, don a nan ake gane wanda ya iya Hausa da wanda yake jin ta kawai. Labarin kasafin kuɗi ɗaya ya isa gwaji.

An ɗan yi saɓani kan tasha. Wasu suka ce Rediyon Tarayya Kaduna, saboda tsari da horo. Wasu suka fi son ƙananan tashoshin FM, inda ake saurin sakar wa ɗalibi shiri. Ni na fi karkata ga na biyun. An kuma ce ta adana duk abin da ta naɗa, shi za a tambaya ranar neman aiki, ta kuma tanadi kuɗin mota, don ba kowace tasha ke ba ɗalibi ko sisi ba.