Tambaya kan late da later a jimlolin lokaci na Ingilishi

Ɗalibar lise, unguwar Birni, Damagaram:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Ina shirin jarrabawar BAC ta kammala sakandare, kuma akwai wani abu a nahawun Ingilishi da ya ƙi zauna mini a kai. A takardun gwaji na ga "The bus arrived two hours late", na kuma ga "The bus arrived two hours later". Harafi ɗaya ne ya raba su, shin ma'anarsu ɗaya ce, ko kuwa akwai ƙa'idar da ake bi wajen zaɓe? Haka nan early da earlier, soon da sooner. Allah ya saka da alheri.

Malamin Ingilishi a wata kwaleji, Zango:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ma'anarsu ba ɗaya ba ce, kuma kafin ki zaɓa, ki tambayi kanki da me ake auna lokacin. Idan da lokacin da aka ajiye ake auna shi, wato lokacin da ya kamata abu ya faru, to late ko early za ki sa. Motar Yamai da aka ce za ta shigo tasha ƙarfe 6 na yamma, ba ta iso ba sai ƙarfe 8, masu tarbar baƙi suna ta duba agogo, wannan ita ce "two hours late", domin ta makara.

Amma idan da wani abin da ya faru ake auna shi, to later ko earlier ne. A ce motar Maraɗi ta shigo ƙarfe 6, ta Agadas kuma ta shigo ƙarfe 8 daidai yadda aka tsara mata. Ta biyun ta iso "two hours later", alhali babu wanda zai zargi direbanta da makara, tun da bayan ta farkon kawai ta zo. A ganina nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, domin jimlar tana tsayuwa daram a nahawu, sai dai ta faɗi abin da marubucin bai yi nufi ba.

Faransancin da kika sani zai taimake ki: late a nan en retard ne, later kuwa plus tard, early en avance, earlier plus tôt. Sai dai ki kiyaye, early yana ɗaukar ma'anar sassafe ma, kamar "I wake up early". Kuma duk inda than ya biyo baya, siffar kwatance, wato mai -er, ce dole: "earlier than Monday".

Ɗan kasuwa mai fatauci tsakanin Damagaram da Kano:

Allah ya ƙara wa Malam basira. Mu da ke aika saƙo game da kaya, "no later than Friday" muke yawan gani, ma'ana kada a wuce Juma'a. To amma Malam, idan mota ta tashi yau ta hanyar Matamai, zan iya rubuta "It will arrive two days later"?

Malamin Ingilishi a wata kwaleji, Zango:

Alhaji, za a fahimce ka, amma idan daga yau kake ƙirgawa, "in two days" ya fi daidai. Later yana son wani lokaci da aka riga aka ambata a cikin zance: motar ta tashi Litinin, ta iso "two days later". Haka ma a baya, ago daga yanzu yake ƙirgawa, earlier kuwa daga wani lokaci na cikin labari.

Ɗalibi a Jami'ar André Salifou:

Malam, da izininka, ina da ja kaɗan. A "See you later" ban ga abin da ake kwatantawa da shi ba, ga shi kuma later aka sa.

Malamin Ingilishi a wata kwaleji, Zango:

Ja mai kyau ne, ɗana. Abin kwatancen yana nan, ba a furta shi ne ba, wato lokacin da ake maganar, kamar yadda mu ma muke cewa sai an jima. Wannan yana yiwuwa ne idan ba a sa adadin awa ko kwana ba.

Saura soon, wanda ɗiyarmu ta tambaya. Shi ba ya karɓar adadi a gabansa, saboda haka ba a cewa "two days soon", amma "two days sooner" daidai ne, ko da yake earlier aka fi amfani da shi a irin wannan gurbi. Tsakanin as da as kuma siffar asali ake sawa, "as soon as possible". Kuma ki yi hattara da lately, domin kwanan nan yake nufi, ba shi da alaƙa da makara.