Tsoron fita daga gida ya hana ni sakat, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga wannan hali ya fita.

Tun bayan rasuwar mahaifina wani tsoro ya kama ni. Da zarar na sa hijabi na doshi ƙofa, sai gabana ya hau faɗuwa, numfashina ya sarƙe, zufa ta keto min, in ji kamar zan yanke jiki in faɗi. Adaidaita sahu ba na iya shiga, balle kasuwa. Islamiyya na daina, biki da ta'aziyya sun gagare ni, har dangi sun fara cewa girman kai ne.

An duba zuciyata da jinina, lafiya lau. An yi min ruƙiyya, ina riƙe da azkar, abin bai tafi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon fargaba ne kuma ana warkewa, in riƙa fita kaɗan-kaɗan tare da wani amintacce, sannan in ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano.

To ta yaya zan kai kaina can, alhali zaure ma ya fi ƙarfina? Yaya zan fahimtar da Umma cewa ganin likitan nan ba hauka ba ne? Kuma maganin da suke bayarwa, mutum yana iya rabuwa da shi daga baya?