Hoton rumfar da ya raba kan dangi

Daga zauren WhatsApp na wani dangi, bayan an tura hotunan bikin ɗansu da ya auri Bayahudiya a New York.

Baffa: Yaya, na ga hotuna, Allah ya sanya alheri. Amma ni ban iya cin magana ba. Tsayuwar nan da ka yi a ƙarƙashin rumfarsu, limaminsu yana karatu kana gefe, ba halartar biki ba ce, shiga ibadarsu ce. Cin abincin biki daban, tsayuwa a sahu daban.

Baban ango: Ka bari in gaya maka yadda aka yi kafin ka yanke hukunci. Tun ranar Juma'a muka ɗaura aure a masallacinmu na Bronx, da sadaki da shaidu, mahaifin yarinya da kansa ya zo ya ba da ita. Nasu taron sai Lahadi, don ba sa ɗaura aure ranar Asabar. Rumfar da ka gani, huppa suke kiranta: ƙyalle ne a kan sanda huɗu, ko'ina a buɗe, alamar gidan da ma'auratan za su kafa. A al'adarsu uba da uwa ne ke riƙo ango, ɗaya dama ɗaya hagu, su kawo shi wurin, sannan iyayen amarya su kawo tasu. Da na zauna a kujera, yaron nan shi kaɗai zai ratsa taro kamar maraya, alhali ina raye ina kallo.

Goggo: Ni duk ba wannan ba. Kofin nan da ya taka ya fashe, kowa ya ɗau ihu, meye shi? Kada dai a ce sun yi wa ɗana wani surkulle.

Ƙanwar ango: Goggo, ba surkulle ba ne wallahi. Kofin gilashi ne aka naɗe a tsumma don kada ya yanki ƙafa. Suna yi ne don tuna rushe babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus da Rumawa suka yi a shekara ta 70 miladiyya, wai ko a tsakiyar murna kada a manta da baƙin ciki. Ihun kuma "mazal tob" suke cewa, barka ke nan.

Baffa: To ai kin ƙara min hujja, 'yata. Makokin ɗakin ibadarsu ba addini ba ne? Kuma na ga ana miƙa musu kofi suna kurɓa. Kowa ya san giya suke sa wa albarka. Ga hadisi: wanda ya kamanta kansa da wasu mutane, yana cikinsu.

Baban ango: Ruwan inabi ne na kwali, da idona na ga an buɗe shi. Kafin biki mun zauna da limamiyar tasu, na ce a karanta min duk abin da za a faɗa da Turanci, kalma-kalma. Akwai jimlar da ango ke faɗa in zai sa zobe, cewa ya keɓe ta gare shi bisa dokar Musa da Isra'ila. Na ce ɗana ba zai faɗi wannan ba. Ita ma ta ce dama ba ta sa wanda ba Bayahude ba ya faɗa. Ƙaramar hularsu kuma da aka ajiye a kwando a bakin ƙofa, ban taɓa ta ba, da zanna bukar ɗina na shiga. Su dai a rufe kai.

Goggo: Tsaya, limamiya ka ce? Mace?

Ƙanwar ango: Mace ce, Goggo. 'Yan ɓangaren Reform ne, wato Yahudawa masu sassauci, su tun 1972 suke naɗa mata a Amurka. Kuma su ne ma ke yarda su jagoranci irin wannan aure. Malaman Orthodox, masu tsananin riƙo da gargajiya, da na Conservative, 'yan tsaka-tsaki, ba sa yi. Yayan mahaifin amarya ɗan Orthodox ne, ƙememe ya ƙi zuwa, ya ce wannan ba auren Yahudawa ba ne. Baffa, su ma fa suna da nasu Baffan.

Baffa: Ki yi dariyarki. Shi wannan mutumin ya san darajar abinsa.

Malam: Assalamu alaikum. An sako ni a maganar, bari in ce wani abu. Ku raba mas'ala biyu. Auren kansa ba a jayayya a kan halaccinsa: aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi kamammun mata daga Ma'abota Littafi, waliyyinta kuwa ubanta ne ko da ba Musulmi ba. Sai dai Imamu Malik ya karhanta, malaman mazhaba kuma suka ce karhancin ya fi ƙarfi a ƙasar da ba ta Musulunci ba, saboda tarbiyyar 'ya'ya. Huzaifa ɗan Yaman ya auri Bayahudiya, Sayyidina Umar ya rubuta masa ya rabu da ita, amma da aka tambaye shi bai ce haramun ba ne. Ta biyu ita ce tsayuwar. A nan ni ba ƙyalle da sanduna nake dubawa ba, abin da aka furta nake dubawa, da abin da Alhaji ya amsa da bakinsa. Alhaji, albarkokin nan bakwai da suke karantawa, me ke cikinsu?

Baban ango: Allah ya gafarta Malam, yawanci yabon Ubangiji ne, wanda ya halicci komai, ya halicci mutum, ya sanya farin ciki tsakanin ango da amarya. Akwai ambaton Ƙudus da Sihiyona, wani sunan da suke kiran birnin da shi. Ban ji an haɗa Allah da kowa ba. Ban ce amin ba, ban kuma ɓata fuska ba. Tasbihina nake ja a zuci.

Malam: Takardar da aka sa wa hannu fa?

Baban ango: Ketuba. Ta asali da harshen Aramiyanci take, tana lissafa abin da ke kan miji: ci, sutura, haƙƙin shimfiɗa, da kuɗin da za a ba mace in an sake ta ko miji ya rasu. Tasu su biyun suka tsara da Turanci, alƙawarin zaman lafiya ne kawai.

Malam: To ni ba zan ce Alhaji ya shiga addinin wasu ba, wannan kalma tana da nauyi, Baffa ka janye ta. Amma taka kofin nan, da an shawarce ni, da na ce a bari. Ma'anarsa tasu ce, ba ta yaron ba.

Baffa: Na janye kalmar, Malam, ban janye ra'ayina ba. Yau rumfa, gobe me?

Maman ango: Kun gama? Ni da aka ɗaga a kan kujera sama ana rawa da ni, ina salati ina riƙe da gyale, babu wanda ya tambayi lafiyata. Kuna ta faman rumfa, rumfar da aka naɗe tun daren Lahadi. Abin da ya hana ni barci jikoki ne. A wurinmu ɗa na bin addinin ubansa. A dokarsu ta gargajiya duk wanda Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, ko uban waye. Uwar amarya, mace mai kirki, ta riƙe hannuna tana murmushi ta ce in namiji ne za a yi masa kaciya rana ta takwas yadda suka gada. Na ce mu kuma rana ta bakwai muke yanka rago a raɗa suna. Muka yi dariya, amma kowa ta gane abin da 'yar'uwarta ke nufi.

Ƙanwar ango: Umma, ba mu kaɗai ba ne. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta yi a 2020 ya nuna kashi 61 cikin 100 na Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010 waɗanda ba Yahudawa ba suka aura. Yaya ya ce sun riga sun yi magana, yaran Islamiyya za su.

Maman ango: Shi ya faɗa. Ita kin ji daga bakinta?

Baffa: Yauwa Hajiya, abin da nake nufi ke nan tun ɗazu.

Maman ango: A'a, kai kofi da hula kake nufi. Kuma da mun ƙi zuwa yadda kake so, da wane ido zan shiga gidan nan in ce a kawo min jika ya kwana? Alhaji, ka kira yaronka, ka ce su zo cin abinci ranar Lahadi su biyun. A gabanka nake so a yi maganar nan.