Don Allah ku ba ni shawara kan lambar biyan kuɗi ta sana'ar 'yata

Maman Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Unguwar Rogo a nan Jos. 'Yata ce, shekararta 13, take yin tuwon madara da gullisuwa. Kakarta ta koya mata da ta je hutu Bauchi, ta dawo ta haɗa kuɗin barka da sallarta dubu huɗu ta sayi madarar gari da sukari, har ƙaramar tukunyata ta aure ta ƙwace. Da farko dariya muka riƙa yi mata. Yanzu tana tashi daga Islamiyya sai ta ajiye tire a zaure, ɗaliban jami'a da ke haya a layinmu su saye. To su ba sa yawo da tsabar kuɗi, tun wahalar canjin kuɗi ta 2023 kowa sai tiransifa. Asusuna ake turawa, ɗari biyu, ɗari biyar, duk ya cakuɗe da kuɗin adashi. Jiya har kuka ta yi wai na ci mata dubu biyu da ɗari bakwai. Wata ɗaliba ta ce a yi mata lambar nan mai zane kamar tabarma da ake haskawa da waya. Babanta ya ce shi babu ruwansa. Ya zan yi?

Mai POS na Terminus: Hajiya, QR ake ce mata. Ita ba asusu ba ce, hoton adireshin asusu ce kawai, dole sai an ɗaure ta da wani asusun. 'Yar shekara 13 kuwa ba za a buɗe mata na 'yan kasuwa ba. Tun ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN. Ki buɗe sabo da sunanki, na sana'ar kaɗai, ki nemi irin QR da ake kira NQR, wadda NIBSS, cibiyar da ke haɗa tiransifa tsakanin bankuna, ta fito da ita a 2021, don ita manhajojin bankuna daban-daban na karanta ta. Wata lambar kuwa sai mai irin manhajarki zai iya haskawa. Ki buga, a yi mata leda, ki manna. Magana ta ƙare.

Uwar Biyu: Wane irin wahala? Ki rubuta lambar asusu a kwali da alƙalamin maka. Masu tumatir a Farin Gada haka suke yi, ba wanda ya mutu.

Mai POS na Terminus: Kwali ake kuskuren lamba ɗaya kuɗi ya tafi wurin wani. Ni kullum nake raba wannan rigimar.

Anti Mai Ɗinki: Ni dai Allah ya isa tsakanina da tiransifa. Wata ta karɓi ɗinkin biki kala uku, ta nuna min hoton rasit, na yarda saboda muna gaisawa da uwarta. Wata huɗu ke nan. Na je banki sau biyu, sai layi, aka ce babu abin da ya shigo. Yanzu in ta hango ni sai ta canza hanya, kuma an ce ta yi sabon leshi. Mutane ba tsoron Allah.

Baban Yara: Maman Auta, a yi haƙuri, amma yarinya budurwa da samarin jami'a a zaure? In kuma OPay za ki buɗe, ki sani lambar asusun ita ce lambar wayar da aka yi rajista da ita. Kada a yi da layin yarinyar.

Maman Auta: Malam, ba talla take yi ba, a ƙofar gidanmu ne, ina jin duk abin da ake cewa daga tsakar gida. Kuma yawanci mata ne. Mai POS, ni ba na son da sunana, ai abin da ya kawo rigimar ke nan. So take ta ga sunanta in an haska.

Mai POS na Terminus: To akwai asusun yara a bankuna, sunanta zai fito, ke ce mai sa hannu, ki je da takardar haihuwa. Amma na ajiya ne, ban ba ki tabbacin za su haɗa masa QR ba. Kuma saƙon shigar kuɗi wayar wa zai zo? In kina kasuwa, wa zai duba kafin ta miƙa kaya? Naira 50 ta harajin tiransifa da ake cira ma kada ta dame ki, sai kuɗi ya kai dubu goma.

Uwar Biyu: Ki saya mata asusun katako da littafin rubutu, kowane dare ki cire mata nata a hannu. Mu da haka muka tashi.

Maman Auta: Littafi muna da shi, shi ne ma ya nuna dubu biyu da ɗari bakwai ɗin, kuma ni na san ban ci ba. Waya kuma babanta ya hana a saya mata sai ta gama sakandare, kada ma a tayar da wannan.

Mai POS na Terminus: To ai shi ya sa na ce da sunanki tun farko.

Maman Auta: Na ji. Amma shi asusun yaran, dole sai uba ya sa hannu, ko ni kaɗai na isa?