Mama za ta Urushalima, wace gaisuwar Ibrananci zan koya mata?

Salama gare ku 'yan'uwa. Mahaifiyata ta samu kujerar ziyarar Urushalima, ta kuma kafe sai ta iya gaida mutanen can da yarensu, wai ba za ta shiga garin mutane baki a rufe ba. Turancinta bai taka kara ya karya ba. Me zan fara koya mata?

Wani dattijo daga Kafanchan: 'Yata, kada ki cika mata kai. Shalom kaɗai ta isa, da ita ake sallama, da ita ake ban kwana. Ki ƙara boker tov da safe, erev tov da yamma, laila tov in za a kwanta. Toda shi ne na gode, toda raba in godiyar ta yi yawa. In ta ce boker tov aka amsa mata boker or, amsar ke nan, ba gyara ta ake yi ba.

Wata malama daga Jos: Baba ya faɗi gaskiya. Sai dai in za ta tambayi lafiya, su ma suna raba namiji da mace yadda muke cewa kake da kike: ma shlomkha ga namiji, ma shlomekh ga mace. Wannan "kh" daga maƙogwaro take fita, irin ta Larabci a "khairan". In ya yi mata nauyi ta riƙe ma nishma, kowa ake ce wa. Amsa beseder, wato lafiya lau.

Wani ɗan kasuwa daga Kaduna: Ni fa ina ganin kun bar babban abu. Wuraren da masu ziyara suka fi zuwa, da yawa Larabci ake yi. Baitalami tana Yammacin Kogin Jordan, Falasɗinawa ne, Kirista da Musulmi. Nazarat ma yawanci Larabawa ne, haka masu shaguna da dama a tsohon birnin Urushalima. A can marhaba da shukran za su fi yi mata rana. Ta saurara tukuna ta ji da wane yare ake ciniki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To rubutun fa, in saya mata littafi?

Malamar Jos: A'a ƙanwata. Haruffa 22 ne, daga dama zuwa hagu, kuma a rubutun yau da kullum ba a cika sa wasula ba. Ki naɗa mata murya a WhatsApp ta riƙa maimaitawa. Ranar Juma'a ta ce shabbat shalom, don daga faɗuwar rana har bayan faɗuwar rana ranar Asabar hutu ne, yawancin motocin haya da shagunan Yahudawa a Urushalima tsayawa suke. Kuma in ta gaida mai baƙar hula da dogon gemu kada ta miƙa hannu, masu tsananin riƙon addininsu ba sa musabaha da mata.