Wace taya zan sa wa R6 ɗina don filin tsere, marar zane ko mai zane?

Mai_R6:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar nan. Ina da Yamaha R6, sau uku kenan ina shiga filin tsere a ranakun da ake buɗe wa masu koyo, har yanzu ina rukunin farko. Tayar da ke kai Bridgestone S22 ce, ta baya ta kusa cinyewa dama. A fitar da na yi ta ƙarshe, wajen zagaye na biyar ko na shida sai na riƙa jin bayan mashin yana ɗan zamewa duk sanda na murza totur ina fitowa daga kwana, kamar an shafa wa kwaltar mai, gabana ya faɗi sosai har na sassauta na fito. Wani da muke rukuni ɗaya ya ce in daina wasa in sa marar zane irin ta 'yan gasa wadda suke ce wa silik, kuma in ƙara faɗin ta baya daga 180 zuwa 190. Ba ni da bargon ɗumama taya ba ni da janareta. Iska kuma psi (ma'aunin iskar taya) 36 gaba 42 baya nake sawa kamar yadda littafin mashin ya ce. Me kuka gani?

Tsohon_Mahayi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun kafin mu je maganar sayen taya, 42 ɗin nan ita ce ta kusa kayar da kai. Wannan lissafin na titi ne, har da goyo da kaya aka yi shi. A fili taya tana ɗaukar zafi sosai, iskar ciki ta buɗe, 42 ɗinka ta haura, tayar ta yi tauri kamar ƙwallo sai ɗan wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, shi kuma ɗan wurin ya ƙone da zafi ya fara santsi, shi ne abin da ka ji a zagaye na biyar. Irin tayarka yawanci wajen 30 zuwa 32 psi ake farawa a gaba, 28 zuwa 30 a baya, a auna tana da sanyi, amma ka nemi jadawalin kamfanin da ya yi ta domin kowace taya da nata. Ka sayi geji mai kyau naka na kanka, ka auna kafin ka shiga, ka auna da zarar ka fito, ka rubuta.

Maganar silik kuwa wallahi kar ka fara yanzu. Robarta an haɗa ta ne don ta yi aiki da zafi, shi ya sa ake naɗe ta a bargon lantarki wajen awa ɗaya a kan digiri 80 ko kusa da haka, kuma ko an cire bargon sai mai gudu da taka birki da ƙarfi ne ke iya riƙe mata zafin. Idan gudunka bai kai ba, kana zagayawa tana hucewa, idan ta huce kuma tayar titin da ka raina ta fi ta kama ƙasa nesa ba kusa ba. Ni abin ya faru da ni, na sa silik a shekarata ta biyu, na cire bargo aka tsayar da mu a bakin shiga kusan minti goma saboda ana share man da wani ya zubar, na shiga, kwana ta uku ta hagu ko kwantar da mashin sosai ban yi ba gaba ya tafi, babu wani gargaɗi. Da na tashi na cire safar hannu na dafa gefen tayar, ɗumi-ɗumi kawai. Ƙashin wuyana ya tsage, wata biyu ban hau ba. Har yau idan na ga sabon shiga yana sauke silik daga mota sai na je na yi masa magana.

Abu_Gareji:
Malam ka bar 190 ɗin nan. Rim ɗin baya na R6 inci 5.5 ne, 180/55 aka yi masa, wato faɗi milimita 180, tsayin gefe kashi 55 cikin ɗari na faɗin. 190 da 200 na rim mai inci 6 ne irin na manyan mashina masu injin cc 1000. Ka tura mai faɗi a rim ƙarami sai ya matse ta, siffarta ta canza, gefen ƙarshe ba za ka ma kai shi ba. Masu gasa da mashina masu injin cc 600 irin R6 da yawa 180/60 suke sawa, tana ɗaga baya kaɗan mashin ya fi saurin faɗawa kwana, amma sai an sake saita shokazoba.

Sannan duk wadda za ka saya duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 1424 yana nufin sati na 14 a 2024. Kuma kar ka karɓi kwancen 'yan gasa don ka ga da sauran roba, duk ɗumi da hucewa ɗaya yana ƙara mata tauri, ido ba ya nuna maka sau nawa ta yi.

Kwana_Goma:
Na yarda da Oga Tsohon_Mahayi a kan iska da silik, amma ni ba zan ce ya sake sayen irin ta titin ba tunda dama zai canza kuma fili yake nufi. Akwai na tsakiya ai, masu ɗan zane kaɗan da aka yi don irin ranakun nan kuma suna ɗumama da kansu cikin zagaye biyu ba sai da bargo ba, irin su Dunlop Q5, Michelin Power Cup 2, Pirelli Supercorsa SP. Ka lura da SP ɗin nan, akwai Supercorsa SC, kamanninsu ɗaya amma SC haɗin robar gasa ce, musamman SC1 da SC2 bargo suke so. Kuma ka sa gaba da baya iri ɗaya kar ka gauraya, siffarsu tare aka zana.

Abin da na fi so ka koya shi ne karanta fuskar tayar bayan ka fito. Mai lafiya za ka ga gefenta ya yi 'yan layuka ƙanana kamar yashin da ruwa ya janye ya bari. Idan ka ga ta yage da zurfi har farcenka na shiga ƙarƙashin robar, to sama ta yi zafi ciki bai ɗumama ba, yawanci iska ta yi yawa ko garin da sanyi. Idan kuma fuskar ta narke ta yi faɗi marar zurfi, iska ce ta yi kaɗan. Ko a MotoGP, babbar gasar tseren mashina ta duniya, inda Michelin ya koma ba su taya a 2016, doka aka sa a kan mafi ƙarancin iska, mutum ya gama tsere a ƙara masa daƙiƙoƙi saboda ita. A filin tseren Sachsenring na Jamus kwana 10 hagu ce 3 kacal dama, sai a kai taya mai tauri a hagu da laushi a dama, ka ga duk maganar zafi ce. Kai ma duba filinku, ɓangaren da kwana ta yi ƙaranci shi ne ke hucewa, nan ake faɗuwa.

Mai_R6:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Oga Allah ya kiyaye gaba. Yanzu na je na haska fitila a tayar baya, gefen dama ya yage kamar yadda Kwana_Goma ya faɗa, farcena ya shiga, kuma lambar 3120 ce ashe. Na bar maganar silik da 190, zan ɗauki ɗaya cikin na tsakiyar a 120/70 da 180/55. Saura tambaya ɗaya, idan aka yi yayyafi kwalta ta jiƙe ranar, waɗannan masu ɗan zanen za su iya ko in haƙura in zauna?

Tsohon_Mahayi:
Zanensu bai kai gefe ba, kana kwantar da mashin babu abin da zai kore ruwa. Idan ba ka da tayar ruwa a wili na daban, ka jira sai layin da ake bi ya bushe sannan ka shiga a hankali.