Me za mu kira "mirror" da Hausa? Madubi bai kwanta mini ba

Daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta wa yaran da nake koya wa girka Debian (wani tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta) 'yar takarda da Hausa, sai na zo kan abin da ake kira mirror da Ingilishi, miroir da Faransanci, alƙalami ya tsaya. Ga wanda bai san abin ba: manhajojin Debian duka suna cikin babban rumbu guda, amma ba can kowa ke zuwa ɗauka ba. Jami'o'i da kamfanoni a ƙasashe daban-daban sun ajiye na'urori masu ɗauke da irin kayan sak, kowa ya ɗauka daga wadda ta fi kusa da shi. Su nake nema wa suna, da kuma aikin da suke yi na ɗauko sabon kaya daga babban rumbun.

Madubi ne ke fara zuwa bakin kowa. To madubi ba ya riƙe komai, ka kau da fuska shi ke nan, kuma ba ya makara. Ita wannan na'ura tana da nata kayan a faifanta, kuma kullum a baya take. Rumbun Debian sau 4 ake sabunta shi a rana, kusan kowane awa 6. Yaron da aka ce wa madubi ba zai taɓa tambayar "kayan nan na yaushe ne?" ba, alhali ita ce tambayar da nake so ta zauna masa a kai.

Daga Njamena:
Wa alaikumus salam. Malam, a bar madubi ya huta. Yaronka gobe zai buɗe takardun Faransanci ya ga miroir, nan take ya gane. In ka ba shi wata kalma ka ɗora masa aiki biyu.

Daga Marwa:
Ni a shago depo muke cewa, kowa na ganewa.

Daga Garwa:
Ƙanena, depo akwai mai shi. Dépôt a Faransanci shi ne rumbun kansa. In muka ba wa kwafin sunan, me za mu kira asalin? Kwafi ma na gwada, sai na ga kwafi sau ɗaya ake yi a ajiye, kamar wanda kake zuba wa mutum a kile, wato filashin USB. Wannan kuwa ranar da ta daina komawa ta mutu, ko da fitilarta na ci.

Daga Gaundare:
Baba, ga tawa: babban a ce uwar rumbu, waɗannan a ce reshen rumbu. Kalmar ta ɗauki matakai ma. A Arch Linux, wani tsarin Linux kamar Debian, rassan mataki na 1 ne kaɗai ke ɗauka daga uwa, na mataki na 2 su ɗauka daga na 1. Reshe ke nan da ya fitar da reshe. Sun kuma ce kada a koma fiye da sau ɗaya a awa, kuma kowa ya zaɓi nasa mintin, kada duka a taru a bakin ƙofa lokaci guda.

Daga Njamena:
Hajiya, masu Git fa, shirin da marubuta manhaja ke adana aikinsu da shi? Su ma suna da branch, wato reshe, kuma nasu reshen bambanta yake da uwar da gangan. Wannan ko harafi ɗaya ba a yarda ya canza ba.

Daga Garwa:
Wannan suka ce mai nauyi, na karɓa. Gaskiya ne, jerin kayan Debian yana ɗauke da sa hannun sirri na su Debian ɗin, kuma kowane ƙunshin manhaja da lambar tantance shi a cikin jerin. Mai na'urar ya taɓa wani abu, apt, shirin da ke girka manhaja a Debian, zai ƙi karɓa. Amma in ba mu yanke kalmar ba, muka riƙa cewa reshen rumbu a haɗe, ban ga inda za a rikice ba. 'Yata, na ɗauki taki.

Saura aikin kansa, wanda ya fi ba ni wahala. Daidaitawa ta yi faɗi, har agogo ana daidaitawa. Wani yaro ya ce daidaita sahu, ajin ya fashe da dariya, duk wanda ya taɓa zuwa Kano keke mai ƙafa uku ya gani. Ni bin sawu nake so, domin aikin a jere yake. Shirin rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, yana duba abin da ya canza ne kawai ya ɗauko, ba ya sake jan rumbu duka. Mu da bayananmu sai sun taso daga igiyoyin teku na Duwala, Limbe ko Kribi kafin su hauro arewa, mun san darajar wannan. Amma rsync zagaye ɗaya bai isa ba, shi ya sa Debian suka ce a yi amfani da nasu shirin mai suna ftpsync. Zagayen farko a kwaso kayan. Na biyu a kawo sabon jerin. Sai a ƙarshe a share tsofaffi. Ka juya tsarin, jeri ya riga kaya iso, yaro zai zauna gaban allo yana ganin sunan manhaja, ya danna, a ce masa babu. Na ga wanda ya zare waya ya mayar, ya hura ramin, ya zagi rezo, wato layin intanet, alhali reshen ne bai gama aikinsa ba.

Ga wata shaidar: kowane reshe in ya gama yana barin ɗan fayil mai sunansa da lokacin a cikin project/trace. Su da kansu trace suka ce. Sawu ke nan. Ka buɗe wurin ka ga ta hannun wa da wa kayan suka biyo, da kuma wanda ya makara.

Daga Marwa:
To Malam, reshen da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke masa ya kwana biyu bai bi sawun ba fa?

Daga Gaundare:
Ya yi kwantai mana.

Daga Garwa:
Madalla, wannan ko gardama babu. Akwai kuma tsarin da reshe ba ya jiran agogo, na sama da shi ne ke aiko masa da ishara ta ssh (hanyar shiga wata na'ura daga nesa) da zarar ya gama, shi kuma ya tashi. Na rubuta "taɓo": uwa ta taɓo reshe. Mai abin da ya fi ya kawo kafin in kai takardar wurin bugawa.

Daga Njamena:
Bin sawu da kwantai na yarda. Taɓo ma ba laifi. Amma Malam, a shafin farko ka rubuta wa yaran cewa reshen rumbu shi ne miroir, don ni nan a aji madubi zan ci gaba da cewa.